Ranar da Fadima Ta Kira Ɗanta

Shekara ashirin da ɗaya ina sakatariya a wani kolej a nan Gaya, kuma in akwai abin da aikin nan ya koya mini, shi ne takarda ba ta san kuka ba. Mutum zai zo gaban teburina ya rantse, ya kawo limamin unguwarsu shaida, in takardarsa ba ta cika ba ni dai babu abin da zan yi masa. Shi ya sa ranar Litinin ɗin nan da Sagiru, ɗan yayata Fadima, ya shigo birona, wato ofishina, hannu rabbana, na ji raina ya ɓaci tun kafin ya buɗe baki. Ranar Juma'a ake rufe karɓar dosiye, wato takardun rajistar bepese, jarrabawar gama kolej, kuma a duk ajinsu shi kaɗai ne bai kawo takardar haihuwa ba.

"Ina take?" na ce.

"Tanti, Baba Siddo ya ɗauke ta."

"Miya za shi kaɗa da ita?"

Yaron ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa. Sai da na buga tebur sannan ya ce, "Walƙiya za a ba. Da ita za shi tahi Kwatano."

Bari in warware muku. Mijin Fadima, Isma'ila, manomin shinkafa ne mutumin ƙauyen Bana, ya rasu shekara biyar da suka wuce ya bar mata ƴaƴa biyu maza. Babban shi ne Misbahu, shekararsa sha tara. Ƙaramin Sagiru, sha shida. Ajinsu ɗaya, domin babban bai shiga lakwal da wuri ba, kuma ya maimaita aji har sau biyu. Kansa ba ya riƙe karatu, amma a ba shi ƙwallo a ga ikon Allah. Ni da ba na son abin na taɓa tsayawa na kalle shi sau ɗaya, na kuma koma gida ina jin haushin kaina don na yi masa tafi. A fili babu mai ce masa Misbahu, Walƙiya kowa ya sani, har tsofaffi masu goro.

Shi kuma Siddo wan marigayin ne. Sana'arsa in kun gano ta ku faɗa mini. Tun da aka rufe gadar iyaka mutane suka koma ƙetarawa Malanbil da jirgin ruwa, kullum yana bakin kogi da babbar riga da wayoyi biyu, shi ne dillalin albasa, shi ne mai nemo wa baƙo masauki, shi ne ya san wanda ya san wani. Da wani mai horar da ƴan wasa, Cha'ibu, ya zo daga Kwatano ya ga Walƙiya ya zura uku a wasa ɗaya, ya ce yana son sa amma ƴan ƙasa da sha bakwai kawai ƙungiyarsu take ɗauka, Siddo ko ƙifta ido bai yi ba. Ya ce ai yaron shekararsa sha shida, sunansa Sagiru Isma'ila, takarda tana gida.

Takardar nan kuwa ni na san wahalarta. A gida aka haifi Sagiru can Bana, ba a rubuta shi ba, sai da na yi wata bakwai ina sintiri da shaidu kafin alƙali ya sa hannu. Guda ɗaya ce tak. In ta ƙetare kogi, Juma'a ta wuce Sagiru. In kuma can suka yi wa Misbahu katin wasa da ita, sunan ƙaramin ya tafi ke nan da fuskar wani.

Ranar Talata da la'asar na tashi daga aiki ban ko biya gidana ba. Na tarar da su duka a tsakar gidan Fadima. Siddo ya miƙe ƙafa a kan tabarma yana shan shayi, Misbahu yana wanke takalman ƙwallonsa, Sagiru ya rakuɓe a gindin bango da littafi a juye. Fadima tana can bakin murhu tana tsince shinkafa, ta ba kowa baya.

"Malam Siddo, takardar yaro na zo karɓa."

"Fofo, sannu da zuwa, Madam sakatare. Ba ko sallama?"

"Sallama ta gaishe ka. Takarda."

Ya kurɓi shayinsa a tsanake. "Ke Jummai, mi ya shahe ki? Ɗiyan ƙanena ne, ni ad da magana bisansu. Aron sati biyu ne munka yi, in sun gama rijista a maido mishi abinshi."

"Suna ne ake aro kamar tabarmar biki? Juma'a za a ruhe dosiye."

"To shi yi baɗi. Lakwal gudu take? Amma wanga mutum in ya tahi ba ya dawowa. Yaro ya samu ƙohwa ta buɗe, ke kina nan kina ƙirga kwanakin sati."

Na ce masa ƙofar da ake shiga da sunan wani ta ɓarayi ce. Na ce yara nawa aka kwasa daga garin nan da irin wannan zancen, wanne ya dawo da abin da ya wuce gurɗaɗɗiyar gwiwa? Na ce Misbahu wata uku ya rage masa ya zauna jarrabawa, ya samu ko bepesen ne a hannu, in ƙafa ta ƙi ya ga abin dafawa. Na faɗi maganganu da yawa, wasu ma ban san ina da su a ciki ba. Siddo yana ta murmushi irin na wanda ya riga ya sa abu a aljihu.

Ba shi ne ya kashe mini baki ba, Misbahu ne. Ya ajiye takalmin ya miƙe, sai na ga ashe ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba.

"Tanti, ki tahi tasha ki ƙirga masu bak, takardar shiga jami'a, da ke kabu-kabu. Shekara biyu ina zaune benci ɗaya da ƙanena, mushe, malamin ajinmu, na tambaya shi amsa ni in yi shiru, yara na dariya. Abu guda Allah ya ba ni, ƙahwa, shi ma ku ce in aje? Ke da kinka yi lakwal ɗin, mi kinka zama? Kina buga tampo bisa takardun mutane."

Maganar ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Yaron da na goya, na wanke wa kashi. Na juya wajen ƙaramin ko zai ce wani abu, sai ya ce a hankali, "Tanti, ki bari. Na yi baɗi." Da ban kai zuciya nesa ba da na kwaɗa masa littafin nan a ka. Na ɗaya a aji tun shigarsa kolej, wai ya yi baɗi.

Duk wannan abin Fadima ba ta juyo ba. Wanda bai san mu ba zai ce ba ta damu ba ne, to ba haka ba ne. Mu nan, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yaba shi, ba ta tsawata masa a gaban mutane, ba ta sa baki a zancensa, balle a gaban wan mijinta. Matan yanzu da yawa sun watsar da wannan, amma Fadima kakarmu ce ta raine ta, ta kuma ɗauki abin kamar farilla. Shekara sha tara ban taɓa jin "Misbahu" ya fito daga bakinta ba. In tana son a neme shi sai ta ce mini, "Jummai, ɗanki bai ci abinci ba." In yana tsaye a gabanta sai ta yi magana da iska, ta ce, "A gaya wa mutane ruwa ya ƙare a randa." Shi kuma ya ɗauki jarka ya fita. Sunan nan nasa, in ka cire rajistar da nake kira a kolej, babu inda yake aiki.

Ranar Laraba na koma ita kaɗai na samu, tana turara shinkafar da take kaiwa kasuwa. Hayaƙi ya cika mata ido, ko kuma ta bar ni in zaci hayaƙi ne.

"Yaya, bakinki ciwo yake?"

"Ɗanki ne, ke ki yi mishi magana."

"Ni na haihe shi? Ki bar ni da wanga ɗanki, ɗanki. Gobe da sahe za su ƙetare."

Ta daɗe tana juya shinkafa kafin ta ce, "In na ce kar shi tahi, na hana shi abu guda da ya iya. In na yi shiru, na kashe ƙaramin. Ke kina ganin ban san gudun nan nashi ba? Ranar wasa ta bayan hili nika bi in tahi kasuwa, in tsaya gindin bedi kamar mai gyara kaya. Tun yana ciki yake harbina."

Ban taɓa jin ta yi doguwar magana a kansa haka ba, kuma da ni mai hankali ce da na yi shiru na zauna kusa da ita. Amma ni ba a haife ni da wannan ba. Na ce mata kunyarta ta banza ce. Na ce kaka ta mutu ta huta, ita kuma tana nan tana yi wa kabari biyayya ƴaƴanta suna lalacewa. Na ce in Sagiru ya ƙare a dako, kada ta kuskura ta zo mini da kuka. Na fita na bar ta da tukunyarta, ko waiwaye ban yi ba.

Ranar Alhamis tun da hantsi bakin kogi ya cika. Buhunan albasa, jarkoki, babura da ake ɗorawa a jirgi, masu dako suna ihu da Hausa da Dandanci, kowa yana taka kowa. Na hango su kusa da wani dogon jirgi mai inji. Cha'ibu mutum ne siriri mai sanyin magana, ya rungume wata jakar roba ta takardu a ƙirji. Misbahu yana gefensa da sabon aski, an kwashe ɗan gemun da ya fara fito masa. Siddo har da turare.

Na ratsa mutane na tsaya a gaban baƙon. "Malam, wanga yaro ba Sagiru ba ne. Takardar da ke hannunka ta ƙanenshi ce."

Ya dube ni da tausayi, abin da ya fi zagi ciwo. "An gaya mini za ki zo, Madam. An ce tun farko ba ki son tafiyar." Ashe Siddo ya riga ni. Ya gaya masa akwai wata ƙanwar uwa mai baƙin ciki, ba ta haihu ba, ba ta son na wani ya ci gaba. Duk da haka mutumin ya juya ya ce, "Sagiru."

"Na'am," in ji Misbahu, ko gezau.

"Ka san matar nan?"

"Tantina ce. Haka take."

Siddo ya kwashe da dariya, masu dako biyu suka taya shi. Na dubi mutanen da ke wurin, rabinsu sun san yaron, amma Walƙiya suka sani, kuma wa zai ɓata da Siddo a bakin kogi saboda wata sakatariya? Suka shiga jirgi. Misbahu ya zauna a kan wani buhu ya ba gari baya. Mai jirgi ya fara jan igiyar inji.

Ban ga zuwanta ba. Sai dai na ji mutum ya gifta ni, ƙafa ba takalmi, hannu duk dusar shinkafa, mayafi a karkace. Fadima ta shiga ruwa har idon sawu. Siddo ya buɗe baki zai yi magana, ba ta ko dube shi ba. Ta ɗaga murya, muryar da ban san tana da ita ba.

"Misbahu!"

Wallahi kafin ta rufe baki yaron ya miƙe tsaye, har jirgin ya yi tangal-tangal wata mata ta yi salati. Ya juyo gaba ɗaya.

"Na'am, Inna."

Da bakinsa ya faɗa, kowa ya ji. Ina kallon fuskarsa. Da farko ta buɗe kamar ta ƙaramin yaro da aka miƙa wa abu, sannan ya gane abin da ya yi.

Cha'ibu ya ɗaga wa mai jirgi hannu ya dakata. Ya sauko cikin ruwa da takalmansa, ya tsaya a gaban Fadima ya ɗan rusuna. "Inna, ke kika haife shi?"

"Ni ce."

"Yaya sunansa?"

Sai da ta sake faɗa, a gaban baƙo, a gaban wan mijinta, a gaban masu dako. Ya tambaye ta shekarunsa, ta ce sha tara da daminar bana. Siddo ya fara rantse-rantse yana cewa mace ce, ta ruɗe, ba ta san lissafi ba. Cha'ibu bai ko kalle shi ba. Ya buɗe jakarsa ya zaro takardar, ya miƙa wa Fadima da hannu biyu. Sannan ya ce wa yaron, "Ɗauko jakarka. Ƙafarka tana da kyau, amma in aka kama wannan a can, ni da sauran yaran duka za a kora."

Na fizge takardar daga hannun Fadima kafin ta jiƙe, na cusa a jakata. A lokacin murna nake, kuma ba zan yi ƙarya in ce ba haka ba.

Misbahu ya sauko. Jirgin ya tashi ba shi. Ya tako har gaban uwarsa ruwa yana zuba daga wandonsa, ya tsaya yana kallonta ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

"Tun ina yaro nike jira in ji shi bakinki," ya ce. "Ran da zazzaɓi ya kusa kashe ni ba ki kira ba. Ran da Baba ya rasu ba ki kira ba. Sai yau da za ki yanka ni da shi."

Ya raɓa ta ya wuce.

Ranar Juma'a da safe dosiyen Sagiru ya shiga. Na haɗa da na Misbahu ma ba tare da ya sani ba, domin ni a lissafina fushin kwana uku ne, Litinin zan gan shi a benci. Litinin ta zo ta wuce, wata ma ta zo. Ya kwashe kayansa daga gidan ya koma ɗakin wasu abokansa a bayan tasha. Ranar jarrabawa teburinsa yana nan da lambarsa a manne, kwana uku babu kowa a kai. Ƙwallon ma ya bari, don duk filin da ya shiga sai wani ɗan iska ya yi masa ihu, "Sagiru, na'am!" Siddo kuwa ya bi gari yana cewa matan gidan nan sun yi wa ɗan ƙanensa baƙin ciki, kuma akwai masu yarda da shi har yau.

Sagiru ya ci jarrabawarsa, ya shiga lise, makarantar gaba da kolej. Ranar da sakamako ya fito na sayi kaji biyu na kai gidan, Fadima ta dafa, muka zauna mu uku muna tauna kamar masu cin magani. Har yanzu ina cewa abin da ta yi shi ne daidai, kuma ko gobe aka sake zan tsaya a inda na tsaya. Sai dai ni na tura ta cikin ruwan nan, ita kuma take biya, wannan kuwa yana hana ni sakewa.

Yanzu Misbahu dako yake yi a bakin kogin nan, yana loda wa jiragen Malanbil kaya. Watan jiya Fadima ta roƙe ni in raka ta. Ta dafa shinkafa da wake da man ja, irin wadda yake so, ta ɗaure kwanon a sabon ƙyalle. Muka tsaya a kan ƴar hanyar da masu dako suke bi zuwa ruwa. Can sai ga shi ya taho da buhun albasa a ka, wuyansa ya yi kauri, gemun ya dawo. Ta tako gabansa ta ɗaga kwanon da hannu biyu.

Ya tsaya. Ya dubi kwanon, ya dube ta.

"Madam, matsa," ya ce. "Kin tare hanya, kaya na da nauyi."

Ta matsa.